Burtalin da Ba Shi da Lamba

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau wani tsohon labari ya faɗo mini a rai. Jikata ce ta jawo shi. Ta nuna mini garinmu a cikin wayarta, daga sama, har da rufin ɗakina da dogon yaron tsakar gida. Na ce ta ja hoton ya yi arewa kaɗan. Da ta ja, sai ga wani siririn layi ya fita daga bayan gari ya miƙe har fadama. Na yi ta dariya ni kaɗai. Ta ce, "Kaka, lafiya?" Na ce bari in rubuta kowa ya ji sau ɗaya. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi a lakol, wato makarantar boko, aka cire ni.

Shekarun baya ne, lokacin babban farin nan na biyu. Ina amarya a ƙauyenmu da ke kusa da Agiye, gidan mijina da gidan mahaifina danni ɗaya ya raba su. Ni dama ba mai yawo ba ce. Har yau sau uku na taɓa zuwa Maradi, biyu daga ciki ma ba da son raina ba. Abina shi ne in zauna gindin danni da basilla da rinanniyar kaba ina saƙa faifai, kunnena kuma yana aikinsa. Mahaifiyata takan ce idan tururuwa ta yi tari a Gazawa, ni zan fara yi mata sannu.

Kakanninmu daga arewa suka gangaro da shanu, suka zauna, suka ɗauki hauya. Mahaifina, Baffa muke ce masa, manomi ne kamar kowa, amma zuciyarsa tana wajen shanu. Kafin fari yana da garke mai kyau. Da shekarar ta gama da mu, uku suka rage: tsohuwar nagge guda, wata ja, da karsana. Da 'ya'yan gawo da dusar da ya hana wa bakinsa yake riƙe da su. Kullum da hantsi yakan kora su ta burtali zuwa fadama, inda aka haƙa 'yan rijiyoyi a cikin busasshen gulbi. Wannan burtalin shi ne ransu. In ba shi, sai an yi zagayen da lafiyayyar saniya ma za ta ji a jikinta, balle waɗannan da kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Ana cikin haka yayana ya zo gida. Shi ne ɗan fari, shi ne kuma ya yi lakol har Maradi, ya samu aiki da wani furoje, wato shirin taimakon manoma, da zai buɗe garkunan noman rani a bakin fadama, mutane su samu abin sawa a baki. Ya zo da abokin aikinsa, wani Bagobiri daga wajen Gidan Rumji, mai barkwanci, wanda ko gaisuwa ya yi maka sai ka yi dariya.

Sai na gaya muku wani abu a kan gidanmu, in ba haka ba ba za ku gane labarin ba. Baffa yana yi wa yayana alkunyar ɗan fari, irin ta mutanen da. Bai taɓa faɗin sunansa ba. Ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye. In yana son ya ce masa ya ci abinci, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mutumin Maradi tuwo na hucewa." Ni ce auta, don haka ni ce bakin Baffa tun ina ƙarama.

Aikin da suka zo da shi kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba. Suna da babban hoton ƙasarmu da jirgin sama ya ɗauka. A kansa suke shimfiɗa wata leda shara-shara da aka ja wa layuka tsaye da kwance, ta zama gida-gida kamar filin dara. Kowane gida sai a ba shi lamba guda. Gona, ɗaya. Daji, biyu. Gari, uku. Fadama, huɗu. Yayana ya ce a babban buro, wato ofishinsu, akwai wani inji, wanda yau kuke ce wa kwamfuta, shi ba ya ganin hoto, lamba kaɗai yake ci. In an ba shi lambobin, shi zai nuna inda za a kafa shingen waya na garka: duk gida mai lamba ɗaya da ya jingina da mai lamba huɗu.

A zauren Baffa suke zama da rana, ni kuma ina bayan danni da faifaina. Yayana yana duba hoto yana faɗa, Bagobirin yana rubutawa da kiriyon, wato fensir. Kuma ba sa faɗin gida ɗaya-ɗaya, wai cikin injin ƙarami ne, ba ya ɗaukar surutu. Sai dai a ce, "Biyu sau shida, ɗaya sau tara, biyu sau huɗu." Layi ya ƙare, a sauko na ƙasa.

Da na ji haka sai na ajiye basilla. Ai wannan ƙirgar faifai ce. Haka mahaifiyata ta koya mini: ja uku, fari biyar, baƙi biyu, zagaye ya cika, ki hau na gaba. Ban san lokacin da na fara saƙa taswirarsu a cikin kaina ba. Daga arewa suka faro. Na ji huɗu ta shigo, ta yi faɗi, na ce ga fadama nan. Huɗu ta tsuke ta ɓace. Sai yayana ya ce, "Ɗaya sau talatin." Layi na gaba, "Ɗaya sau talatin." Na gaba ma haka. Layi bayan layi, har uku ta shigo, wato an iso gari.

Duk mai saƙa ta san cewa in kina son siririn zane ya taso daga cibiyar faifai ya kai baki, dole ki ba shi ɗinkinsa a kowane zagaye. Kika tsallake, ya yanke. Su kuwa daga fadama har gari ba su katse ɗaya ko sau guda ba.

Na ɗauki ƙwaryar ruwa na shiga zaure, wai na kawo musu ruwa.

Na ce, "Yaya, burtali lamba nawa ne?"

Bagobirin ya ɗago kai ya ce, "Lalle dannin wanga gida yana da kunne. Mi kika ji, amarya?"

Na ce, "Abin da ban ji ba ne ya kawo ni."

Yayana ya duba takardar da aka ba su daga buro, ya juya bayanta, ya ce, "Auta, ba shi da lamba. Kuma ko da yana da ita, dokar aikin ita ce gida yana ɗaukar lambar abin da ya fi yawa a cikinsa. Gida ɗaya a ledar nan ya kai faɗin gona guda a ƙasa. Burtalinku fa? Shanu huɗu su jera, ya cika. Gona ta rinjaye shi."

"To in inji bai san da shi ba, wayar ta ina za ta bi?"

Bagobirin ne ya ja yatsa a bakin fadama, daga gabas har yamma, bai ɗaga ba.

Nan fa na gyara tsayuwa, na ji ni ma injiniya ce. Na ce, "Abu mai sauƙi. Ku ƙirƙiro masa lamba, ku ba shi gida guda a kowane layi, kamar yadda nake yi wa faifai."

Yayana ya yi murmushi ya ce, "Zo ki gani." Ya ɗora kiriyon a bayan gari ya fara hawa. "Gida na farko, gonar liman ta zama hanyar shanu, duka. Na biyu, gonar maƙeri. Na uku, wannan ta wa ce?"

Na leƙa. Na gane ta da kukar da ke kusurwarta. Gonar mijina ce.

Ba zan ɓoye muku ba, nan take na ji son burtalin ya ɗan ragu a zuciyata. Bagobirin ya yi dariya har kiriyon ya faɗi. Ya ce, "Injiniya ta kashe gidanta da hannunta. Mu rubuta, ko a jira angon ya dawo?"

Da ya gama dariyarsa sai ya dubi yayana ya ce, "Amma fa akwai teburin nan." Ya bayyana mini cewa a buro akwai wata hanyar ta biyu ta ciyar da injin. Wani teburi ne mai wayoyi a cikinsa. A shimfiɗa taswira a kai, a bi layi da wani ɗan abu kamar sabulu mai tagar gilashi, duk inda layi ya karya a danna. Inji sai ya riƙe lamba biyu, nisan wurin daga yamma da nisansa daga kudu, ya haɗa ɗigo da ɗigo da kansa. Ta haka layi ba ya cin gonar kowa, a kan gidajen yake kwanciya kamar zare a kan tabarma.

Yayana ya ce, "Wannan na hanyar mota ne da iyakar ƙasa. Shef, maigidanmu na buro, ba zai so ba. Ban da haka ma, dubi hoton. Ina layin da za a bi?"

Gaskiya ya faɗa. Cikin fari aka ɗauki hoton. Ba karan gero a gonaki, ƙayar shinge duk an kwashe an yi makamashi, aguwar da ke bakin burtali ta zubar da ganye, rairayi ya binne rabinta. Gona da hanya duk fari fat. Itatuwa ne kawai suka fito, ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar ƙuda a kan nono. Shi kuma yayana tun yana yaro lakol ta ɗauke shi, bai taɓa kiwo ba.

Na fita na tarar da Baffa a turke yana farfasa wa shanu 'ya'yan gawo. Na durƙusa na zayyana masa komai. Bai dube ni ba. Ya daɗe yana shafa wuyan tsohuwar, sannan ya ce mata, "Nagge, kin ji? An ce hanyarki ba ta da lamba." Can ya ɗaga murya daidai yadda za ta kai zaure, ya ce, "Auta, ki gaya wa mutumin Maradi gobe da hantsi zan kai su ruwa. In yana da ƙafa."

Kun ga inda abin ya faɗo a kaina. Tunda Baffa ba zai yi masa magana ba, dole baki ya bi su. Mijina da ya ji yadda gonarsa ta tsallake rijiya da baya, bai ko yi gardama ba, cewa ya yi, "Je ki, amma kada ki sake ba su shawara."

Washegari muka jera. Shanu a gaba, Baffa da sandarsa a kafaɗa, ni a tsakiya ina haki, yayana a baya da hoto a kan allo, Bagobirin yana ƙirga taku. Duk inda hanya ta karya sai Baffa ya tsaya.

"Ki gaya masa gawon nan mai rassa biyu, a dama ake barinsa."

In juya in ce, "Yaya, wai gawon nan a dama ake barinsa."

Yayana, wanda tsakaninsa da Baffa bai fi taku huɗu ba, ya ce, "Ki ce masa na ji." Ya nemo ɗigon gawon a hoto, ya sa alama da jan kiriyon.

Bagobirin ya ce, "Ni dai na yi aiki da tafinta iri-iri, amma ban taɓa ganin mai fassara Hausa zuwa Hausa ba sai yau."

Haka muka bi. Tsamiyar da aradu ta tsaga. Kukar gonar mijina, wadda na wuce ban ko kalle ta ba. Wani suri da bai fito a hoto ba, sai da aka ƙirga taku daga aduwar da ke kusa da shi. Ni ban taɓa sanin Baffa yana da magana haka ba. Kowace kwana da labarinta: nan ubansa ya dasa aguwa, nan aka taɓa yin sulhu da mutanen ƙauyen gabas, nan wata saniya ta haihu tana tafiya.

Da muka zo daidai gonar Baffa, hanyar ta tsuke. Baffa ya tsaya ya daɗe yana tona rairayi da sanda har ya taɓo wani tsohon kututturen aguwa, can cikin gonar. Ya yi gyaran murya.

"Ki gaya masa nan wani ya ci taku uku, shekarar da aka yi damina mai kyau."

Na ce, "Baffa, wa?"

"Ki gaya masa dai ya ja layin inda ubana ya bar shi."

Bagobirin ya buɗe baki, yayana ya taka masa ƙafa. Aka sa alama a kan kututture.

Saura lanƙwasa ɗaya mu sauka fadama, har muna hango bakin rijiyoyin, tsohuwar naggen ta durƙusa. Ta ninke ƙafafun gaba, ta kwanta, ta ajiye haɓa a ƙasa. Wanda ya ga wannan shekarar ya san abin da hakan ke nufi: saniyar da ta kwanta, in ba a tashe ta da wuri ba, ta kwanta ke nan. Baffa ya jefar da hularsa, ya zura sanda ta ƙarƙashin ƙirjinta. Yayana ya danƙa mini allon hoton, ya ruga. Bagobirin ya kama ɗaya bakin sandar.

Sai na ji Baffa ya ce, "Kai, kama wutsiyar. A gindi, ba a baki ba. In na ce ɗaga, ka ɗaga."

Na juya don in maimaita, bakina har ya buɗe, sannan na gane ba da ni yake ba.

Sau biyu suna ɗagawa tana komawa. A na uku ta tsaya, ƙafafu na rawa, ta yi taku ɗaya, ta yi biyu, ta ji ƙanshin ruwa ta miƙe. Yayana ya tsaya yana haki, farar rigarsa ta buro duk kashin shanu. Baffa ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, idonsa a kan saniyar, ya ce, "Ka ga abin da ya sa ba za su iya zagaye ba."

Yayana ya ce, "Na gani, Baffa."

"Ka sa duka?"

"Ɗigo goma sha ɗaya. Ba wanda na bari."

Baffa ya gyaɗa kai, ya bi shanunsa. A hanyar dawowa kuwa ya koma "Auta, ki gaya masa," kamar ba abin da ya faru.

Bayan kwana biyu suka koma Maradi, mu kuma muka shiga jira. Daga baya yayana ya ba ni labarin yadda aka yi. Shef ɗinsu ya ce teburin ba na hanyar dabbobi ba ne, ban da haka ma shanun yankin sun ƙare, wa zai bi ta? Yayana ya ce masa a gidansu akwai uku, kuma in Allah ya kawo ruwa za su haihu. Bagobirin kuma ya ƙara da cewa in aka toshe hanyar, masu dabbobi za su buɗe ta da kansu, kuma ba da kiriyon ba. Shef ya yi tsaki, ya ce su danna ɗigonsu goma sha ɗaya su ba shi wuri.

Ranar da motar waya ta zo, ban iya zama ba. Ni da ba na fita, sai ga ni a bayan gari ina leƙe. Ma'aikata suka kafa ƙarafa daga gabas, suna tahowa, suna tahowa, har suka iso bakin burtali. Babbansu ya buɗe wata doguwar takarda, ya duba, ya ƙirga taku, ya ce a tsallake. Suka ci gaba daga wancan gefen. Garka ta zama biyu, hanya a tsakiya.

Yayana ya kawo wa Baffa irin wannan takardar. Ba zane ba ne irin na hannu, injin da haruffa yake bugawa, gona harafi kaza, fadama harafi kaza, cunkus kamar tururuwa. Amma daga gari zuwa fadama ga wasu 'yan taurari sun jeru, suna karyawa daidai inda Baffa ya tsaya. Ta hannuna aka miƙa masa, ba sai na faɗa ba. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Ki gaya masa injin nasu ba shi da hannun zane." Ya ninke ta ya sa a cikin jakar fatar da yake ajiye takardun gado, kuma a nan muka same ta bayan rasuwarsa.

A garkar nan muka ci kabeji da dankali har damina ta dawo. Tsohuwar naggen ba ta ga ruwan ba, amma ta mutu a turkenta da ƙoshin ruwa. Karsanar ce ta rayu ta haihu, kuma shanun da ke bayan gidanmu yau duk jikokinta ne. Ta burtalin nan suke bi, har da na mutanen da a wancan lokacin ba su da ko akuya.

In na tuna, ba na jin na yi wani abin kirki. Shawarar da na bayar da an bi ta, da mijina ya rasa gona, da kuma har yau ana ba da labarina a bakin rijiya. Abin da na yi kawai shi ne na ji wurin da aka yi shiru. Injin bai yi ƙarya ba, yayana ma bai yi ba. Dokar ce ta ce mai yawa shi ke da gida, siriri kuwa ya ɓace, ko da shi ne ke ɗauke da rai. Tun daga lokacin, in ana lissafin jama'a ko rabon wani abu a gari, nakan kasa kunne in ji wa aka haɗiye a cikin "ɗaya sau talatin".

Yayana ya tsufa yanzu, ya bar aiki, yana nan gida. Da na nuna masa layin a wayar jikata, ya daɗe yana kallo, ya bi shi da farce har kwanar ƙarshe, ya ce, "Nan ne ya ce in kama wutsiya."

Ku fa, a garinku, wace siririyar hanya ce wani tsoho kaɗai ya san kwanoninta, kuma kun taɓa bin sa a baya ya nuna muku tun yana da ƙafa?